Baƙin Ruwa na Wakra

Wakra, Ƙatar
Oktoba, 2006

Zuwa ga Gwaggona Ajaratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Yaya Ayishatu da duk mutanen Haɗeja? Mu nan lafiya lau, sai dai bayan Baba. Tun ranar da ya ɗaga janareton kafil ɗinsa, wato ubangidansa na aiki, bayan ya riƙe. Tuƙi yana yi, amma sunkuyawa ta gagara, salla ma a kan kujera yake yin ta.

Har yanzu muna cikin karafan, gidan nan mai taya da kike yi mana dariya a kansa. Abu Salim, kafil ɗin Baba, ya daɗe da daina fita da ita sahara, shi ya sa ya ajiye ta a bayan gidansa ya bar mana. Ke ba ki gan ta ba ne, Gwaggo. Tana da gado biyu, da ɗan kicin, da bayi a ciki. In na durƙusa a kan gadona na miƙa wuya ta taga, tsakanin katanga da dabino ina hango teku da jiragen masunta. Da la'asar nan nake zama da littafina. Wani lokaci sai in manta da karatun, in yi ta ba jiragen sunaye ina ƙirƙira wa kowanne wanda ke jiransa a gida.

Kin ce kada in ɓoye miki komai. To akwai abin da nake jin nauyin rubutawa. Ina fama da baƙin ruwa. Daga ƙarƙashin gadona abin yake. Da rana ta take sai wani wari ya taso, kaina ya dinga sarawa, abinci ya ƙi shiga. Na ƙona turare har ya ƙare, a banza. An kira wani mutum daga unguwar Abu Hamur, ya leƙa ƙarƙashi kawai ya miƙe ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya tafi.

Yanzu Umm Salim, matar gidan, ta fara ji daga tsakar gidanta. Ta gaya wa mijinta in ba a rabu da wannan masifa ba kafin ƙarshen shekara, a ja karafan ɗin a kai ta juji. In aka ja ta, Baba ɗakin ma'aikata zai koma a Sana'iyya, unguwar masana'antu, inda maza ne zalla, ni kuma sai a maido ni gida. Gwaggo, kin san ina son ki. Amma ban gama makaranta ba, kuma ban san wa zai dinga ɗaure wa Baba takalmi ba.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Raliya

*

Haɗeja
Nuwamba, 2006

'Yata Raliya,

Wa alaikumus salam. Ja'afaru ɗan makarantar nan ya kawo takardarki. Ƙafa da sauƙi, Ayishatu tana gaishe ki. Ki ce wa ubanki Musbahu a dinga gasa masa bayan da ruwan zafi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta, na kira Ayishatu ta sake karanta mini ko idona ne. Kin yi hankali da ba ki kama sunansu ba, kika ce baƙi. Haka ake yi. Mu da muka tashi a bakin kogi mun san mutanen ruwa. Yarinya mai shiru, mai zama ita kaɗai tana kallon ruwa ta taga tana murmushi, ai irinki suke nema. Tun kina nan nake cewa littattafan soyayyar nan za su buɗe miki wata ƙofa. Wari, ciwon kai, ƙin abinci, duk haka ya fara wa 'yar Sanatu mai ƙosai. Shi kuwa malamin Abu Hamur da ya leƙa ya gudu, ba malami ba ne, mai rawani ne kawai.

Ki rufe tagar nan. Kada ki ƙara kallon teku, musamman da magariba. Kada ki zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Na je wajen Malam na Kofar Arewa, ya haɗa hayaƙi, yana cikin ƙullin da na ba Ja'afaru. Safe da yamma za ki turara, har ƙarƙashin gadon.

Na sa an kira mini Musbahu a waya. Kin san kunnena ba ya ɗaukar waya, ban ji abin da yake ta ihu a kai ba, amma shi ai ya ji nawa. Hajiya Adijatu matar Alhaji Dikko za ta taho gida daga can Ƙatar ƙarshen watan gobe. Ki haɗa kayanki ki biyo ta. Maganin irin wannan a gida yake.

Gwaggonki,
Ajaratu

*

Wakra
Nuwamba, 2006

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ƙulli ya iso, mun gode. Bayan Baba yana nan yadda yake.

Gwaggo, ban san ko in yi dariya ko in shiga ƙasa ba. Baƙi na launi nake nufi, irin na gawayi, ba baƙi masu zuwa gida ba. Abin da Baba yake ta ihu a waya kuwa shi ne, "Fayif ne, Yaya! Fayif!" har direban maƙwabta ya leƙo ta katanga.

Bari in yi miki dalla-dalla. A ƙarƙashin karafan akwai tanki biyu. Ɗaya yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Ɗayan, masu gyara suna ce masa na baƙin ruwa, kuma kunya ce ta sa na ari sunansu. Tunda kunyar ta jawo mini aljanu, na ajiye ta. Ruwan bayi ne, Gwaggo. Kashi da fitsari. To, na rubuta.

Daga tankin nan wani baƙin fayif mai kauri ya fito, ya yi gwiwa, ya haɗu da bawul ɗin da ake ja in motar zuƙe masai ta zo. A gwiwar nan ya tsage. Baba ya ce tun zamanin da ake yawo da ita a sahara ta bugi dutse, zafin ƙasar nan kuma ya busar da robar har ta buɗe. Tsagar daidai ƙarƙashin gadona take ɗiga. Mutumin Abu Hamur ma ba malami ba ne, mai gyaran famfo ne. Tayoyin sun sace sun nutse a yashi, tsakanin ƙasa da cikin motar bai fi kamu biyu ba, shi kuma Allah ya hore masa tumbi.

Baba ya san gyaran sarai, bayansa ne ba zai kwanta a wurin ba. Rannan muna cin abinci na ce, "Baba, ni fa zan shige."

Ya ce, "Ke da ko gaisuwa sai an matso ki?"

Na ce, "Ai fayif ba ya buƙatar gaisuwa."

Ya yi dariya har bayan ya kama shi, amma bai ce e ba. Na dai riga na gwada ba da saninsa ba, na shige har kafaɗa, da sauran wuri.

A duk littattafan da na karanta, in yarinya ta shiga matsala sai ta zauna bakin taga tana hawaye, wani mai farar mota ya zo ya share mata. Na zauna bakin tagar, Gwaggo. Farar motar da ke zuwa nan ta masu zuƙe masai ce kaɗai. Don haka tunda kin ji ba aljanu ba ne, ki janye maganar Hajiya Adijatu don Allah.

'Yarki,
Raliya

*

Haɗeja
Disamba, 2006

Raliya,

Wa alaikis salam. Muna lafiya.

Da ma aljanun ne! Aljani a yi masa hayaƙi ya tafi, mutane su zo su yi miki jaje da mutunci. Wannan fa, da wane baki zan faɗa? 'Yar gidanmu, budurwa, kwance a ƙasa ƙarƙashin masai, najasa tana ɗiga mata a fuska? Da wannan hannun za ki ci tuwo, da shi za ki ɗauki Alƙur'ani? Ban karɓe ki kina tsumma ba, ranar da muka binne uwarki, don in ji wannan labarin.

Kuma wace irin magana ce kika koya? Ke da ko "bayi" ba kya iya faɗa a gabana sai ki ce "can", yau ke ce kike rubuta mini sunan abin ƙarara. Wannan ma ya ishe ni shaida cewa zaman can ba ya yi miki.

Ban janye komai ba. In kafil zai ja motarsa ya ja. Makaranta akwai ta a Haɗeja, ɗakinki yana nan an share. Musbahu a bayana ya girma, bai taɓa ce mini a'a ba, ba kuma a kan masai zai fara ba. Hajiya Adijatu ta ce akwai wuri kusa da ita a jirgi.

Kada ki taɓa fayif ɗin nan.

Ajaratu

*

Wakra
Disamba, 2006

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Mu lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na taɓa fayif ɗin. Kuma Hajiya Adijatu ta tashi jiya ba da ni ba.

Da takardarki ta zo Baba ya karanta ya naɗe, ya ce, "Yaya ta yi magana." Ya fito mini da akwati daga saman gado. Ni kuma ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Baba, Gwaggo ta ce in tafi ƙarshen wata, Umm Salim ta ce a ja mota ƙarshen wata. Kafin nan kai ma a cikin warin za ka kwana. Ka bar ni in gyara maka, ko da tafiyar zan yi." Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce in nemo tsofaffin kayan da ba na so.

Da farko muka kira masu zuƙa suka kwashe tankin, muka yi ta ɗura ruwa muna saki har ya fara fita fari. Na shimfiɗa kwali, na ɗaure hanci da tsohon ɗankwali, na sa safar hannu ta roba har gwiwar hannu. Baba ya zauna a kujerarsa daga gefe, ya ɗaura madubin mota a sanda yana leƙo ni da shi. Na goge tsagar, na shafe ta da gam ɗin da muke da shi, muka bari ya bushe. Washegari aka saki ruwa. Gwaggo, gam ɗin ya ɓare kamar ɓawon albasa, ruwan ya sauko mini a wuya. Na fito ina kuka, ba irin kukan littafi ba, mai majina. Baba ya ce, "Khalas, ya isa haka." Na ce bai isa ba. Na yi wanka, na koma da zarto.

Na yanke gwiwar gaba ɗaya. A kwance ake yi, zarton bai da wurin tafiya sai kaɗan-kaɗan, garin robar yana zubo mini a ido. Baba yana ta cewa, "Miƙe yankan, Raliya, kin karkace," ni kuma ina cewa, "Madubinka ne a karkace." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai a ƙarƙashin motar nan.

Muka ɗauki guntun a leda muka tafi Sana'iyya. Baba bai sami wurin tsayawa ba, ya ce in shiga shagon ni kaɗai. Maza cike, kowa ya juyo. Na ɗora ledar a kan kanta na buɗe, mai shagon ya ja da baya ya ce, "Yalla, yalla, rufe!" Amma ya duba. Ya ce gam ɗinmu na farin fayif ne, ba ya kama baƙi, ko shekara za mu yi muna shafawa. Ya ba ni sabuwar gwiwa, da nata gam ɗin, da wata roba mai kauri mai ɗamarar ƙarfe a kowane baki, da sababbin zobban roba na bawul. Ya tambaya wa zai ɗaura. Na nuna kaina. Ya ƙara mini takarda mai kaushi ta goge bakin fayif.

Na goge bakin yankan ya yi sumul, na zura robar, na haɗa gwiwar yadda za ta ɗan gangara, don Baba ya ce ruwan da ya sami wurin zama sai ya yi wari. Na kwance notin bawul, na canza zobban, na mayar ina ɗaure su bi da bi, kowanne kaɗan, don kada gefe ɗaya ya fi matsewa. Sannan muka cika tankin taf da ruwa, na shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa. Tun hantsi har la'asar ina kwance ina kallon kwalin nan. Ko ɗigo.

Kin tambaye ni da wane hannu zan ci tuwo. Da wanda na wanke, Gwaggo. Ke da kika karɓe ni ina tsumma, wa ya dinga wanke mini nawa? Ban taɓa jin an ce tuwonki ya haramta ba.

Hayaƙinki kuwa ya yi rana. Yashin wurin ya riga ya sha, ko da muka kwashe shi muka zuba sabo, akwai ɗan sauran wari, sai na turara ƙarƙashin motar da shi. Ranar Juma'a Umm Salim ta zo da kanta, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta zagaya motar. Ta sake zagayawa. Sai ta saki mayafin. Ta ce wa ya gyara. Baba ya buɗe baki zai ce "mu", na riga shi na ce, "Ni." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Khalas, ku zauna." Har ta tambayi ko akwai sauran turaren.

Da yamma Baba ya mayar da akwatin saman gado da kansa, da bayan nasa da komai, ya tafi gidan Alhaji Dikko ya ba su haƙuri. Ya ce in rubuta miki cewa a'a ɗin tasa ce, ba tawa ba. Amma tawa ce ma.

Ba zan zo ba sai na gama makaranta. Sai dai ba na son in zauna kina fushi da ni. Ki rubuto, ko faɗa ne.

'Yarki,
Raliya

*

Haɗeja
Fabrairu, 2007

Raliya,

Wa alaikis salam. Na san na daɗe ban rubuto ba, da gangan ne. Ƙafa ta tashi da sanyin nan, yanzu ta kwanta. Ki gai da mai a'a.

Ranar da Hajiya Adijatu ta iso na dafa shinkafa da wake irin yadda kike so. Ayishatu ce ta cinye. Takardarki na ajiye ta ban buɗe ba har sai da zuciyata ta sauka. Da na karanta wurin da kika ce wa ya wanke miki naki, na ce wannan yarinya ta yi rashin kunya. Na sake karantawa, ban sami inda kika yi ƙarya ba.

Ki zauna. Ki gama karatunki, ki kula da ubanki. Na yafe.

Amma akwai magana. Kin san bakin Ayishatu. Tun takardarki ta farko unguwa duk ta ji cewa baƙin ruwa sun kama ki a Ƙatar. Mata sun yi ta zuwa jaje, Sanatu mai ƙosai har da kuka. Da suka ga ba ki biyo Hajiya ba suka tambaya, na ce an turara hayaƙin Malam, abin ya tafi. Ai ban yi ƙarya ba, ke kika ce ya yi rana. Yanzu layi ake yi a ƙofar Malam.

In kin zo hutu, ki bar maganar a haka. Kada ki ƙaryata ni a gaban mutane.

Gwaggonki,
Ajaratu

*

Wakra
Maris, 2007

Gwaggona ta kaina,

Wa alaikis salam. Na gode, na gode, Allah ya ƙara girma. Na karanta "ki zauna" a tsaye, na karanta a zaune, na kai wa Baba ya karanta da ƙarfi. Bayansa ya fara saki, jiya ya yi ruku'u.

Maganar unguwa kuwa, ba zan bi gida-gida ina ba da labari ba. In mata suka zo sannu zan sunkuyar da kai in ce na gode, kin san wannan na iya shi tun da can. Malam ma ya ci layinsa lafiya.

Amma Gwaggo, ki roƙi Allah kada wata ta dube ni ta ce, "Raliya, wa ya kore su?" Don wallahi ba zan ce hayaƙi ba. Zan ce ni ce, da zarto.

'Yarki,
Raliya